Yadda ake gano abin da ke sa fatun birkin baya cinyewa ba daidai ba

Motar da ke da birkin faifai a baya tana da fatu huɗu a can: biyu a tayar hagu, biyu a ta dama, kowace taya da ta ciki da ta waje. Rana ɗaya ake ɗaura su, hanya ɗaya suke bi, ƙafa ɗaya ke taka su, saboda haka tare ya kamata su tsufa. Idan aka kwance aka tarar ɗaya ta kusa kai wa ƙarfe alhali 'yar'uwarta tana nan da kaurinta, to akwai abin da ya daina motsi a inda ya kamata ya motsa. Wanda ya sayi sababbin fatu ya ɗaura bai nemo wannan abin ba, tsugune ba ta ƙare masa ba. Cikin 'yan watanni sabuwar za ta cinye daidai inda tsohuwar ta cinye, wani lokaci har ta tafi da faifan.

Tsofaffin fatun su ne shaidunka. Kada ka jefar da su, kada ka gauraya su, sai ka gama karanta abin da ke jikinsu.

Abin da ke motsi a kalifar baya

A yawancin ƙananan motoci fistin ɗaya ne a kalifar baya, wato ƙarfen da ke rungume da faifai yana matsa fatu a jikinsa, kuma yana ɓangaren ciki. Ka taka feda, man birki ya tura fistin, fistin ya danna fata ta ciki a jikin faifai. Ta waje ba ta da fistin nata. Jikin kalifar ne gaba ɗaya ke zamewa a kan ƙusoshin zamiya guda biyu, waɗanda makanikai ke ce wa fin, ya jawo ta ta kama faifan ta ɗaya fuskar. Idan ka ɗaga ƙafa, babu wani sifirin da ke mayar da fistin. Zoben robar da ke cikin raminsa ne, wanda ya ɗan lanƙwasa lokacin da fistin ya fito, yake miƙewa ya ja shi baya da kusan kaurin takarda. Wannan 'yar ratar ce kaɗai ke raba fata da faifai, shi ya sa ɗan busasshen giris ko ɗigon tsatsa ya isa ya sa fata ta yi ta gogar faifai tsawon tafiya.

Ke nan wurare huɗu za ka zarga: fistin, ƙusoshin zamiya, kunnuwan fata a cikin mazauninsu, da birkin hannu. Na huɗun shi ya bambanta baya da gaba. Ga shi kuma birkin gaba ne ke ɗaukar kusan kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na aikin tsayar da mota, don haka na baya ba ya motsawa sosai, ba ya zafin da zai busar da danshi, kuma duk ruwa da taɓon da tayoyin gaba suka watso a kansa suke sauka. Ya fi na gaba saurin cijewa.

Gwaji biyu kafin ka taɓa sifana

Ka tuƙa motar kilomita 5 zuwa 10 ba tare da yawan taka birki ba, ka tsaya a hankali, ka auna zafin faifan baya biyu da na'urar auna zafi daga nesa. In ba ka da ita, ka kusantar da bayan hannunka ga kowace taya, amma kada ka taɓa faifan, yana iya sale maka fatar hannu. Gefen biyu su kasance kusa da juna. Idan ɗaya ya zarce ɗaya da digiri 30 ko fiye, ko yana warin ƙuna, ko rim ɗinsa ya fi baƙar ƙura, ka riƙe wannan a ranka. Haka nan faifan da ya yi sanyi ƙalau alhali ɗayan yana da ɗumi, shi ma abin zargi ne.

Sai ka ajiye motar a shimfiɗaɗɗen wuri mai tauri, ka sa waigi gaba da bayan tayoyin gaba, domin dole ka saki birkin hannu. Ka ɗaga bayan da jak, ka tokare da ƙarafunan tokare mota a gefe biyu. Jak kaɗai ba abin dogaro ba ne. Motar da gaba ke janta za ka iya barinta a giya. Wadda baya ke turawa ka sa ta a firi, kuma za ka ji ɗan nauyi daga kayan giya, kada ka ɗauka birki ne.

Ka taka feda da ƙarfi sau biyar ka saki, ka juya kowace taya da hannu. Ɗan sautin shafa ba laifi ba ne, amma tayar da ke tsayawa nan take da ka sake ta, birkinta na riƙewa. Ka ja birkin hannu ka saki, ka sake juyawa. Ka lura da kyau: bayan feda ta riƙe, ko bayan birkin hannu? Wannan tambayar kaɗai takan rage maka rabin aiki. Kafin ka cire tayar, ka kama ta sama da ƙasa ka girgiza. In tana wasa, galibi boris ne ya tafi, kuma faifan da ke rawa a kan boris ba zai ci fata daidai ba.

Kwancewa da awo

Ka kwance gefe biyun duka, ko da ɗaya kake zargi. Leƙe ta ramin rim ba ya wadatarwa, domin ta waje kawai kake gani, alhali ta ciki ce ta fi ɓoye ɓarna. Ka rataye kalifa da waya a jikin sifirin, kada ka bar ta tana reto a kan tiyonta, kuma kada kowa ya taka feda muddin tana waje, fistin zai fito. Ƙurar birki ba a hura ta da iska ko da baki, tana cutar da huhu. Da ruwan wanke birki na feshi ake wanke ta.

Kana cire kowace fata ka rubuta a bayanta da alli: hagu-ciki, hagu-waje, dama-ciki, dama-waje, da kibiya mai nuna sama. Ka kuma lura da yadda ta fito. Wadda ta zamo da ɗan yatsa lafiya take. Wadda sai da ka sa sukundireba ka ɓamɓaro ta, ta riga ta faɗa maka laifinta.

Ka auna kaurin abin da ke cin faifai kawai, ban da ƙarfen baya, a wurare huɗu: ƙarshen sama, ƙarshen ƙasa, gefen da ke kallon tsakiyar faifai, da gefen da ke kallon bakinsa. Sabuwar fatar baya takan kai milimita 8 zuwa 10. A milimita 3 ake shirin sauyawa, iyakar ƙarshe kuwa da kamfanoni ke sawa tana tsakanin milimita 1 da 2. Bambancin milimita 1 tsakanin ta ciki da ta waje abu ne da aka saba gani, yawanci ta ciki ke gaba. Daga milimita 2 zuwa sama, akwai magana.

Karanta fatun

Idan ta ciki ta cinye ta waje tana nan, abu biyu ne. Ko ƙusoshin zamiya sun cije ƙam har kalifa ba ta iya jawo ta waje, ta ciki ke aikin ita kaɗai, ko kuma fistin ne ba ya komawa baya. Faifan zai raba maka gardama: in fuskarsa ta waje ta yi tsatsa ko ta dushe alhali ta ciki na sheƙi, ƙusoshi ne.

Idan ta waje ce ta cinye, kalifa na zamewa ciki da ƙarfin birki amma ba ta sakewa bayan an ɗaga ƙafa. Ƙusoshi ne masu nauyin motsi, ko kunnuwan fatar sun maƙale.

Idan fata ta yi gatari, wato ƙarshe ɗaya siriri ɗaya mai kauri, to ƙusa ɗaya ta cije ɗaya na motsi, kalifa na matsawa a karkace. Kunne ɗaya da ya maƙale ma yana kawo haka, haka ƙusoshin da suka yi lako-lako a raminsu, da mazaunin da ya lanƙwashe bayan an bugi wani abu. A baya akwai ƙarin dalili da za mu zo kansa wajen birkin hannu.

Idan ka ga ɗan tudu a bakin fata inda faifai bai taɓa ba, galibi fatar ko faifan ba na wannan motar ba ne. Layuka masu zurfi daga faifai mai kurji suke. Fatar da ta yi santsi tana ƙyalli kamar gilashi, ko ta tsattsage, ko gefenta na marmashewa, zafi ne ya dafa ta, kuma sau da yawa za ka ga faifanta ya yi shuɗi-shuɗi.

Wanda ya fi ruɗar mutane shi ne idan fatun gefe ɗaya duka biyu sun cinye, na ɗaya gefen suna nan kamar sababbi. Kowa kan gefen da ya cinye yake faɗawa, alhali sau da yawa ba nan gizo ke saƙa ba. Yana iya yiwuwa gefen da ya cinye shi ne mai lafiya, aikinsa yake yi, ɗayan kuwa fistin ɗinsa ya mutu a ciki ko mai ba ya isa gare shi. Ka dubi tafiyar da fatun suka yi tun da aka sa su. In cinyewar ta dace da tafiyar, mai kaurin ne mara lafiya. Ka tabbatar da haka: a mayar da komai, wani ya taka feda a hankali kana juya tayoyin. Tare ya kamata su kama. Wadda ke ci gaba da juyawa bayan ɗayar ta tsaya, ita ce ke da matsala.

Ƙusoshi, mazauni da fistin

Ka zaro kowace ƙusa da yatsu biyu. Ta shiga ta fita sumul, ba tare da ta yi wasa gefe da gefe ba. Ka duba 'yar robar da ke rufe bakinta, domin ƙaramar ɓula ta isa ruwa ya shiga. Giris ɗin da ya zama kamar busasshen taɓo, ko ja saboda tsatsa, ya gama aiki. A motoci da yawa ƙusoshin biyu ba iri ɗaya ba ne, ɗaya tana da 'yar roba a bakinta na ciki. In an musanya musu rami, ko an shafa musu giris ɗin boris, robar na kumbura ta toshe ramin. Robar birki ba ta shiri da duk wani mai ko giris da aka samo daga fetur. Na silikon ake sawa, shafa kaɗan. In ka cika ramin da giris, ƙusar ba za ta iya shiga har ƙarshe ba.

Mazaunin kalifa shi ne wurin da aka fi tsallakewa. Kunnuwan fata suna zaune a kan wasu siraran ƙarafa masu sheƙi. Su ba sa tsatsa, amma ƙarfen da ke ƙarƙashinsu yana yi, kuma tsatsa kumbura take, sai ta ɗago su su matse kunnen. Ka ɓalle su ka kankare ƙasan da burushin ƙarfe ko zarto har sai ƙarfe ya fito fes, ka shafa giris ɗin birki siriri, ka sa sababbi. Kada ka goge kunnen sabuwar fata da injin gurza don ta shiga. Za ta shiga, amma za ta yi ta ƙara, tsatsar kuma tana nan tana ci gaba. Fentin da ya yi kauri a kunnen kawai za ka iya ɗan shafewa.

A fistin, ka ɗaga gefen robar da ke kare shi daga ƙura. Danshin man birki, tsatsa ko ramuka a jikinsa na nufin a sake masa zobe da roba, ko a sauya kalifar in ramin kansa ya ci. Wajen mayar da shi ciki ya tafi da nauyi iri ɗaya daga farko har ƙarshe. Ka kwatanta da na ɗaya gefen, hannunka zai ji bambancin.

Birkin hannu

Iri uku ne, kuma sai ka san naka kafin ka matsa fistin. Na farko, waya ce ke jan wani ɗan hannu a bayan kalifa. Za ka gane shi da tsagogin da ke fuskar fistin. Wannan fistin ba a danna shi da matsi kawai, murɗa shi ake ana turawa da abin murɗa fistin, yawanci ta hannun dama, ko da yake a wasu motocin gefe ɗaya ta hagu yake shiga. In ka matse shi da ƙarfi ka lalata zaren da ke ciki. Bayan ya shiga, ka daidaita tsagar da ɗan ƙullutun da ke bayan fata ta ciki, in tana da shi. Idan ƙullutun ya hau kan fuskar fistin maimakon ya faɗa tsaga, fatar za ta zauna a karkace ta yi gatari cikin ɗan lokaci.

A irin wannan, ka saki birkin hannu ka duba ɗan hannun a gefe biyu: dole ya koma ya jingina da matsayarsa. In akwai rata, ka cire wayar daga jikinsa. Ya koma da kansa? To wayar ce ta cije a cikin rigarta, ko an ɗaure ta da yawa. Bai koma ba? Sandarsa ta yi tsatsa a cikin kalifa. Wayar da rigarta ta fashe sauya ta ake, zuba mata mai na 'yan kwanaki ne. Yawan ƙarar da sandar birkin hannu ke yi kafin ta kama ya danganta da mota, galibi tsakanin 5 da 9. Wadda ke kamawa a ƙara 2 an matse ta da yawa.

Na biyu, ƙananan takalman birki ne a cikin kwanon faifai. Wannan ba ruwansa da fatu, ka cire shi daga zargi. Na uku shi ne mai maɓalli, mai ɗan injin lantarki a bayan kalifa. Kafin a taɓa shi sai an sa motar a yanayin gyara, da kwamfutar duba mota ko ta matakan da littafinta ya bayyana. In aka matsa fistin ba a yi haka ba, injin ko kayan cikinsa na iya lalacewa.

Idan mai ne ke maƙalewa

Tiyon roba na iya ruɓewa ta ciki alhali wajensa lafiya lau. Ɓallen robar sai ya zama kamar ƙofa mai buɗewa gefe ɗaya: mai ya wuce da ƙarfin ƙafa, ya kasa dawowa. Ga yadda ake kama shi. Ka taka feda ka saki har tayar ta riƙe, ka sa siririn tiyo a kan nonon cire iska, ɗaya bakin a kwalba, ka sassauta nonon kaɗan. In mai ya yi tsartuwa tayar ta saki nan take, mai ne a tsare, kalifa ba ta da laifi. In ba ta saki ba, ka koma kan fistin, ƙusoshi da birkin hannu.

In mai ne, ka ɗaure nonon, ka sake taka feda ka saki, wannan karon ka sassauta mahaɗar da ke tsakanin bututun ƙarfe da tiyon roba. Tayar ba ta saki ba sai a nono? Tiyon ne. Ta saki tun daga mahaɗar? Matsalar na can gaba: bututun ƙarfe da ya lotse, akwatin ABS mai hana tayoyi kullewa, ko masta, wato famfon da feda ke turawa ya aika man birki. A yawancin motocin da gaba ke ja, layukan birki a gicciye suke, bayan hagu da gaban dama layi ɗaya, bayan dama da gaban hagu layi ɗaya. In ka ga tayoyi biyu na gicciye suna ciwo iri ɗaya, ka nufi masta ko ABS. Duk mahaɗar da ka buɗe, sai an cire iska daga layin kafin motar ta hau titi.

Ka duba man kansa. DOT 3 da DOT 4 suna shan danshi daga iska, kuma wannan ruwan ne ke sa fistin tsatsa ta ciki. Shi ya sa kamfanoni da yawa ke cewa a sauya shi duk shekara 2. Irin da aka rubuta a murfin tulun man birki za ka zuba. DOT 5 na silikon ne, ba a gauraya shi da sauran.

Faifai

Mafi ƙarancin kaurin da aka yarda da shi a rubuce yake a jikin faifan, a baki ko a kwano. Ka auna a wurare 8 kewaye, kamar milimita 10 daga baki, domin bakin kansa yana da tudun da fata ba ta ci. In kana da ma'auni mai agogo, ka ɗaure faifan da notinansa ka juya shi. Rawar da yawancin kamfanoni ke bari ba ta wuce milimita 0.05 zuwa 0.10. Kafin ka yanke masa hukunci, ka cire shi ka kankare tsatsar da ke fuskar da yake zama a kai, ka sake aunawa, domin ɓarɓashin tsatsa kaɗan ya isa ya karkatar da shi.

Idan na baya duka huɗu sun riga na gaba ƙarewa

In cinyewar daidai take a duka huɗun kuma babu zafi, ba lallai ne a ce akwai ciwo ba. Sababbin motoci na raba ƙarfin birki da kwamfuta, suna yawan amfani da na baya don hana gaban mota duƙawa da hana santsi, fatun baya kuma ƙanana ne. Yawan ɗaukar kaya ma na ƙara musu aiki. Amma in da zafi, ka duba ɗaurin birkin hannu, ka tabbatar feda na komawa sama har ƙarshe, sannan a tsofaffin motoci ka duba bawul ɗin da ke auna nauyin kaya kusa da tayoyin baya, hannunsa kan cije.

Haɗawa da gwaji

Fatu ana sauya su duka huɗu ne, faifai kuma biyu tare. Fatar da ke da ɗan ƙarfen da ke kuka idan fata ta ƙare galibi ciki take zama, wasu kuma suna da kibiyar da ke nuna juyin taya, ka bi ta. Kada giris ya taɓa fuskar fata ko faifai. Ka ɗaure da sifana mai auna ƙarfi bisa littafin motar. A ƙananan motoci, ƙusoshin kalifa kan kasance wajen Nm 25 zuwa 35, notinan taya wajen 100 zuwa 120, a ɗaure su a gicciye. Kafin motar ta motsa ka taka feda har ta yi tauri, sannan ka ja birkin hannu sau da yawa, ka duba yawan mai a tulu.

A titin da babu cunkoso, ka rage gudu daga kilomita 60 a awa zuwa 20 da matsakaicin taki sau 8 zuwa 10, ba tare da ka tsaya cak ba, sannan ka yi tafiyar 'yan mintoci birki ya huce kafin ka ja birkin hannu. Ka sake auna zafin gefe biyun kamar yadda ka yi da farko. Bayan kilomita 1,000 zuwa 2,000 ka cire tayoyin ka auna fatun huɗu a wuraren nan huɗu, ka rubuta lambobin kusa da na ranar da ka ɗaura su.